Ƙanen da ya daina zuwa sujada

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsawatawa ce ta dace da ƙanenka da ya dawo Tawa daga ci-rani a Abijan hannu rabbana, har ya daina zuwa sujada. A ganina ka fara da ƙarfafa shi, domin sau da yawa kunya ce ke tsare irinsa a ɗaki.

A Littafi Mai Tsarki, da manzo Bulus ya ƙi tafiya wa'azi da Markus saboda ya taɓa barinsu a Bamfiliya, abokin aikinsa Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, daga baya kuwa Bulus da kansa ya shaida amfaninsa a 2 Timoti 4:11. Sai dai a majami'armu na lura magana kaɗai ba ta isa: ka biya masa ranar Lahadi da safe ku taho tare, kada kuma ka tayar da zancen kuɗi a gaban mutane.