Waya ta ƙi karɓar layi: me doka ta ce, me za a yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya aiko mini da waya, na sa layina ta ƙi karɓa. Mai gyara ya ce a kulle take, wai buɗe ta ma laifi ne a dokar can. Haka ne? Mai karatu daga Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar mai gyaran tana da tushe, sai dai ta tsufa. Kamfanonin sadarwa na Amurka kan sayar da waya a kan biya kaɗan-kaɗan, su kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasu. Wata dokar haƙƙin mallaka ta 1998, wadda ake kira DMCA, ta hana karya makullin manhaja, amma an ba shugaban ɗakin karatu na Majalisar Dokoki ikon yin togaciya duk bayan shekara uku. A 2006 da 2010 an cire buɗe waya daga hanin. A 2012 aka janye, har ya zama wanda ya sayi sabuwar waya daga 26 ga Janairu, 2013, ba shi da ikon buɗe ta sai da yardar kamfani. Jama'a suka yi ca, sama da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa Fadar White House, kuma a ranar 1 ga Agusta, 2014, Shugaba Obama ya rattaba hannu a dokar da ta maido da 'yancin. A ganinmu daidai ne, domin abin da mutum ya biya kuɗinsa nasa ne.

Sai dai dokar ta halatta buɗewa ne, mabuɗin kuwa yana hannun kamfanin da ya kulle. Apple ma ba ya buɗe iPhone da kansa. Don haka ka danna *#06#, IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, za ta fito. Tura wa ƙanenka, ya nemi buɗewa a shafin kamfanin layinsa, tunda sunansa ke kan asusun. Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne sai an gama biyan kuɗin wayar kaf. Idan layin sa-kati ne, wasu kamfanonin sai wayar ta shekara tana aiki. In an amince, iPhone za ta buɗe da zarar ka sa sim ka haɗa ta da intanet. Wasu wayoyin Samsung kuwa lambar sirri ake ba ka ka shigar. Kada ka yi ta cankar lambar: bayan 'yan kurakurai wayar kan daskare, sai an nemo wata lambar daban kafin ta sake ba ka dama.

Tambaya: Ina son sayen iPhone ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre. Akwai masu arha da aka ce da cif suke aiki. In saya? Wata mai karatu daga Kano.

Amsa: Hajiya, wannan cif ɗin wani siririn faranti ne da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sim, ya yaudari wayar ta ɗauka layin kamfaninta ne. Wayar tana nan a kulle. Ranar da kika sabunta manhaja, ko aka goge wayar, ko kika canza sim, sabis na iya ɗaukewa, ki koma wurin mai gyara. Batir ma yakan saurin ƙarewa saboda wayar na ta laluben sabis.

Kafin ki miƙa kuɗi, shiga Settings, General, About, ki gangara zuwa Carrier Lock. Idan an rubuta No SIM restrictions, a buɗe take. Ki sa naki layin a gaban mai shago, ki ciro tiren ki tabbata babu komai ƙarƙashin sim ɗin, ki kira wani. Ki kuma lura cewa iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da ramin sim, da eSIM suke aiki, wato sim ɗin da ke ƙere a cikin wayar. In kin ga rami a irinsu, an buɗe cikin wayar an yi mata ƙari. Waɗanda aka sayar sababbi a Kanada tun Disamba 2017, ko Birtaniya tun Disamba 2021, sun fi kwanciyar hankali, domin hukumomin sadarwar ƙasashen sun hana kamfanoni sayar da waya a kulle.

Tambaya: An ce wayata tana jerin waɗanda aka toshe, mai gyara ya ce zai canza mata IMEI. Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Kada ka yarda, Malam. Wannan ba kullen layi ba ne. Ana toshe IMEI ne idan an kai rahoton sata ko ɓata, wani lokaci kuma saboda bashi, kuma kamfanin da ya sa ta a jerin ne kaɗai ke cire ta. A Birtaniya, dokar 2002 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 ga mai canza lambar. Ɗauki rasit ɗinka ka koma wurin wanda ya sayar maka, ya canza maka wata ko ya maido da kuɗinka.