Amsa ga mai tambaya: ko mai zane na buƙatar tarihin zane?

Salamu alaikum. Ƙanena, ka ce kana zana fuskokin mutane daga hoton waya, kamannin na fita, amma aikin ba zurfi, inuwar kuma sai ka ce dauɗa. Kana so ka san ko karatun tarihin zane zai amfane ka. Zai amfane ka ƙwarai, in dai ba haddar sunaye za ka zauna yi ba. Abin da ya dame ka ya dami na gabanka, yadda suka ɓullo masa za ka nema.

Mu fara da inuwa. Ina kyautata zaton baƙin fenti kake zubawa duk inda kake son duhu. Su Monet, masu zane na Faransa, da suka yi baje kolinsu na farko a Paris a 1874, waje suka riƙa fita suna zane a rana, don tun 1841 an ƙirƙiro fenti na matsawa da za ka jefa a jaka. A can suka gane inuwa ma launi gare ta. Je ka dubi bangon jar ƙasa da la'asar, gefen da rana ba ta kai ba ya karkata shuɗi-shuɗi. Saboda haka ka duhunta launi da kishiyarsa: ja da kore, ruwan goro da shuɗi, rawaya da shunayya. Fatarmu kuwa, ruwan ƙasa da ɗan shuɗi ke ba ni duhun da ya dace, goshi da karan hanci ne ke ɗaukar hasken sama.

Zurfi kuma, wani masanin zane mai suna Alberti ya rubuta ƙa'idarsa a Italiya tun 1435: layukan da suka miƙe nesa suna haɗuwa a ɗigo guda. Turakun lantarki a titin Jos sun ishe ka misali. Mai zane Leonardo da Vinci ya ƙara da cewa abin da ke nesa dushewa yake yi. Wannan mu hazon hunturu ya koya mana, dubi duwatsun da ke kewaye da Bauchi a Janairu.

Sai dai rashin zurfi ba kullum yake aibi ba. Aska takwas a gaban babbar riga, zayyanar Alƙur'ani, dagi a bangon zaure, duk a shimfiɗe suke, daidaito da maimaici ne ƙarfinsu. Zanen dabbobin da ke jikin dutse a Geji, ƙasar Toro ta jihar Bauchi, jan launi ne kawai da siffa, amma ba wanda zai ce bai gane su ba. Ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, nan suka tsaya: a koyi dabarar Turawa, a gina ta kan na gida. Ni ra'ayinsu nake bi. Kama da hoto ita ke kawo kuɗi, musamman lokacin biki, ban musa ba, amma wayar ta riga ka yin wannan aikin.

Makon nan ka ɓoye baƙin fentin nan. Ajiye buta a tsakar gida, ka zana ta da hantsi, ka sake zana ta da la'asar, ka turo mana mu gani.