Filin Tambaya da Amsa: Injin Wanki, Matsalolinsa da Gyaransa

Yawancin wasiƙun wannan watan a kan injin wanki suke, don haka muka ba shi filin gaba ɗaya. Kafin a taɓa komai a jikin inji, a zare fulogi daga soket, a rufe famfo. Kashe maɓalli kaɗai bai wadatar ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Injina mai ƙofa a gaba ne, mai cin kilo 7. Yana wanki lafiya lau, amma da an zo zubar da ruwa sai ya tsaya, ruwa na ciki, ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa. Mai gyara ya leƙa ya ce fanel ne ya ƙone. Ya zan yi? *Uwargida daga Kaduna*

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki biya kuɗin fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, tukuna. Injin da ya ɗebi ruwa da kansa, ya juya ganga, ya ƙirga lokaci har ya kai ga zubarwa, da wuya a ce fanel ɗinsa ya ƙone. Abin da ya fi jawo wannan shi ne toshewar matatar famfon da ke fitar da ruwa. Ƙofar ma da gangan ta ƙi buɗuwa: akwai 'yar na'urar da ke auna yawan ruwan ganga, muddin ta ji ruwa ba za ta saki makulli ba, ba kuma za ta bari a matse kaya ba. Idan LG ne za ki ga alamar matsalar, OE, a allo, Samsung kuma 5E ko 5C.

Ki duba ƙasan injin ta gaba, a ɗaya kusurwar akwai ɗan murfi. Bayansa akwai siririn tiyo mai toshiya da wani babban marufi mai zare. Ki kawo tire mai faɗi da tsumma, ki zare toshiyar ruwa ya tsiyaye. Zai iya wuce lita 10, sai kin yi ta juyewa, kuma in da ruwan zafi ake wankin a jira ya huce. Daga nan ki murɗa babban marufin hagu ki zaro shi. A nan ake tarar da fil ɗin hijabi, maɓallin riga, ƙwallon dabino, tsinken sakace, wani lokaci har safar jariri. Ki sa yatsa cikin ramin, za ki taɓa 'yar farfela. Idan tana juyawa da ɗan tsalle-tsalle, ƙalau take, maganaɗisun cikinta ne ke sa haka. In zare ko gashi ya naɗe ta, a warware. In kuwa tana lilo ko fiffikenta ya karye, famfon ya mutu, kuma sauya shi aikin ƙasa da awa ɗaya ne: sukurori ƙalilan da waya biyu.

Idan matata tsaf take, a duba tiyon baya ko ya lanƙwashe, kuma bakinsa ya zauna tsakanin santimita 60 da 100 daga ƙasa. Sai mai gyara ya ɗora mitar awon lantarki a kan famfon. A yawancin injuna lafiyayye yana nuna kimanin om 150 zuwa 250 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). Sai an ga famfo lafiya, an kuma ga wuta ba ta iso masa lokacin zubarwa, sannan a fara maganar fanel. Ko a nan ma sau da yawa ƙwaya ɗaya ce ta ƙone a jikinsa, wadda mai gyaran talabijin da ya iya aikinsa zai sauya. Ki riƙa wanke matatar nan duk wata ɗaya ko biyu.

Tambaya: Daga tankin sama injinmu ke shan ruwa. Sai ya daɗe yana ɗiba kaɗan-kaɗan, can ya yi ƙara ya tsaya. *Magidanci daga Katsina*

Amsa: Malam, abu biyu ne, kuma suna iya haɗuwa. Na farko yashin burtsatse. Ka kwance tiyon shigar ruwa daga bayan inji, a bakin ramin akwai 'yar raga ta roba; ka zaro ta da filaya a hankali, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka mayar. Kada a bar ta a waje don ruwa ya ƙara gudu, domin yashin zai shige cikin bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya ya hana shi rufuwa, ka wayi gari ganga ta cika tana ambaliya alhali inji a kashe yake.

Na biyu ƙarfin ruwan. Bawul ɗin injin otomatik da matsin ruwa yake buɗuwa sosai, kuma littafin yawancinsu yana neman aƙalla bar 0.5, wasu bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsi). Tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1. Tankin da ke mita 3 sama da inji bar 0.3 kawai yake bayarwa, shi ya sa lokacin da aka ɗibar wa cikawa ke ƙarewa ganga ba ta cika ba, LG ya nuna IE, Samsung 4E ko 4C. Maganinsa ɗan ƙaramin famfon ƙara matsi mai tashi da kansa, a ɗaura shi a bututun da ke zuwa wajen injin. Bawul ɗin kansa shi ne abin zargi na ƙarshe. Kwayil ɗinsa kan nuna kusan om 4,000.

Tambaya: Wanki da guga nake yi, injina mai baki biyu ne. Ɓangaren wanki na aiki, na matsa kuma sai gurnani, ba ya juyawa. An taɓa yi wa moton rewaya. *Mai wanki daga Kano*

Amsa: Ɗan'uwa, ka daina kunna shi yana gurnanin nan, kowane minti ɗaya dafa kwayil yake yi. Zare wuta, ka rufe murfin matsa, ka buɗe bayan injin, ka juya sandar moton da hannu. Idan ta yi tauri, birki ne bai saki ba: akwai waya daga murfi zuwa birkin da ke kan moto, takan saki ko ta tsinke ko tsatsa ta riƙe ta. Idan kuma tana juyawa salin alin, kafasita ce, wato 'yar gwangwanin da ke ba moto ƙarfin tashi. Za ka ga lambobinta a jiki, misali 10+5 ko 12+5 da 450V. Babbar lambar ta wanki ce, ƙaramar ta matsa. A sauke cajin da ke cikinta kafin a taɓa, a kuma sa mai lamba iri ɗaya. Masu sa wadda ta fi girma wai don inji ya ƙara ƙarfi, moton suke ƙonawa.

Batun rewayar da ka ambata shi ya fi damun mu. Moton matsa a ƙarƙashin gangarsa yake daidai, tsakaninsu robar sil mai tare ruwa ce kaɗai. Da ta tsage, ruwan omo zai riƙa ɗiga a kan kwayil. Duk wanda ya yi rewaya bai sauya robar ba, an yi ba a yi ba. Ka haska tocila a saman moton. In ka ga tsatsa ko farin busasshen omo, sil ɗin ne. Ka kuma riƙa danne kaya da faifan robar da ke zuwa tare da injin kafin ka matse, don kada safa ta faɗa tsakanin ganga da bango, sannan ka ba moto hutu tsakanin lodi da lodi, tunda injin gida ka sa aikin kasuwa.

Tambaya: Shekara biyar ke nan da injina. Yanzu in ya zo matsa sai ya yi ta ƙara kamar jirgi zai tashi, har maƙwabta na ji. *Uwargida daga Damagaram*

Amsa: Hajiya, wannan alamar mutuwar boris ce, wato zoben ƙarfen da sandar ganga ke juyawa a cikinsa. Ki gwada da kanki: inji a kashe babu kaya, ki juya ganga da hannu. Lafiyayya shiru take, mai mataccen boris kuwa za ki ji tana gurzawa. Sai ki kama leɓen gangar ta sama ki ɗaga. In ta motsa ita kaɗai ba tare da tukunyar da ke kewaye da ita ba, magana ta tabbata. A bayan tukunyar ma akan ga zanen ruwan tsatsa ya gangaro.

Boris biyu ne a bayan ganga, masu lamba irin 6205 da 6206, gabansu kuma sil da ke tare ruwa. Sil ɗin ne ke fara mutuwa, ruwa ya shiga ya wanke giris. Saboda haka ukun ake sauyawa tare, a shafa wa sil giris mai jure ruwa, a goge sandar in ta yi kaushi. Su kansu ba su da tsada, aikin ne babba, don sai an fito da tukunyar gaba ɗaya an raba ta biyu. A nan ne ingancin ƙira yake bayyana. Wasu tukwanen da notuna aka haɗa su, ana kwancewa a mayar, kuma yawancin na LG da Samsung masu ƙofa a gaba haka suke. Da yawa daga injunan Turai masu araha na shekarun nan kuwa narka robar aka yi aka liƙe, kamfanin na nufin a sayi tukunya sukutum. Masu gyara kan yanka da zarto su liƙe da gam da notuna; yakan yi, amma ya danganta da hannun mai aikin, kuma yoyo na iya biyo baya.

In an buɗe, ki ce a nuna miki ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke riƙe da ganga ta baya. Na alminiyam ne, kuma dattin omo da ke manne masa yana cinye shi har ya tsage. In ya tsage, sabon boris ba zai hana ganga rawa ba. Abin da ke kashe shi da sil duka shi ne yawan omo da cika lodi. Omon wankin hannu kumfa gare shi sosai, injin mai ƙofa a gaba kuwa da ruwa kaɗan yake aiki, ba ya iya ɗauraye shi. A nemi wanda aka rubuta na injin otomatik ne, cokalin cin abinci 3 zuwa 4 ya isa matsakaicin lodi. Sau ɗaya a wata a kunna inji babu kaya a zafin digiri 60, duk wata uku kuma a zuba masa kimanin giram 100 na garin sitirik asid saboda farin dattin da ruwan burtsatse ke tarawa a jikin hita. Kilon da aka rubuta a inji na busassun kaya ne, kuma a bar tazarar tafin hannu a saman ganga.

Wanda nasa sabo ne fil yake tsalle yana tafiya, ba boris ba ne. Notuna 3 ko 4 da aka ɗaure tukunya da su a baya saboda sufuri ne ba a cire ba.

Tambaya: Jikin injinmu yana ɗan jan mutum in an taɓa da jiƙaƙƙen hannu. An ce mu shimfiɗa katako mu riƙa takawa. *Ɗaliba daga Zariya*

Amsa: Ƙanwata, a bar amfani da shi yau ɗin nan. Katako ba ya maganin komai a wurin da ruwa ke malala. Mai yiwuwa soket ɗinku ba shi da wayar ƙasa, ko an bi da injin ta doguwar waya mai baki biyu. Mai aikin wuta ya kafa sandar ƙasa, ya ja waya zuwa soket, ya sa na'urar katse wuta mai aiki a 30mA. Idan tana katsewa da zarar ruwa ya fara zafi, hita ce ta huje. Lafiyayya mai wat 2,000 tana nuna kimanin om 26, kuma bai kamata mita ta ga wata hanya tsakanin bakinta da jikin ƙarfe ba. A leƙa ƙasan injin ma, ɓeraye na son wayoyin wurin.

Tambaya: Zan saya wa 'yata injin wanki cikin kayan ɗaki. Wane kamfani ya fi ƙarko, kuma sabo ko ɗan Kwatano? *Dattijo daga Sakkwato*

Amsa: Baba, Allah Ya sanya alheri. Kafin sunan kamfani, a duba gidan da za ta zauna. Idan babu ruwan famfo mai ƙarfi, ko wutar ba ta tsayawa, mai baki biyu ya fi mata: da bokiti ake cika shi, ba shi da fanel, wutar da yake ci ba ta cika wuce wat 500 ba, kuma taima, bel da kafasitarsa ana samu a kowace babbar kasuwa. Haier Thermocool, Hisense, Midea, Scanfrost da Nexus duk suna yin irinsa, ƙirar kuma kusan ɗaya ce. A tambaya ko kwayil ɗin moton na tagulla ne, don ya fi na alminiyam jure zafi kuma ya fi karɓar gyara.

In akwai ruwa da wuta, a injin otomatik mun fi karkata ga LG ko Samsung, saboda kayan gyaransu na nan daga Alaba ta Legas har Sabon Garin Kano, masu gyara kuma sun san cikinsu. Na LG mai Direct Drive, wato wanda motonsa ke manne da ganga kai tsaye, ba shi da bel, ba shi da kabon moto da ke cinyewa. Sai dai garantin shekara 10 da ake liƙawa a gaba na moto ne kaɗai, bai shafi fanel, famfo ko boris ba. Bosch da Siemens gida ɗaya ne a Jamus, ƙirarsu mai kyau ce. Miele ya fi su ƙarfe da nauyi, kamfanin ma yana cewa gwajinsa daidai yake da aikin shekara 20, amma ranar da wani abu ya lalace sai an yo odarsa da tsada. Duk cikinsu fanel ne ba ya jure wutarmu mai hawa da sauka, don haka a haɗa da na'urar kariya mai jinkirta kunnawa bayan an dawo da wuta. Hita kaɗai na jan kusan wat 2,000. A kan sola ko ƙaramin janareto a zaɓi wankin ruwan sanyi.

Idan ɗan Kwatano za a saya, a karanta takardar da ke jikinsa: dole ta ce 220–240V da 50Hz. Na Amurka 120V ne, na Japan 100V, a bar su. Daga na Ingila kuma a lura da Hotpoint da Indesit da aka ƙera tsakanin 2014 da 2018, domin a ƙarshen 2019 kamfanin Whirlpool ya yi kiranyen kusan rabin miliyan daga cikinsu saboda makullin ƙofa na iya zafi ya kama da wuta. A duba lambar samfurin a shafin kamfanin. Kada a biya sai an jona shi a shagon, ya ɗebi ruwa, ya zubar, ya matse a gudunsa na ƙarshe babu kaya a ciki. A ɗaga leɓen ganga, a buɗe baya a nemi zanen tsatsa, a kuma duba ko tsakiyar tukunyar notuna ne ko liƙi.