Ku Tambayi Mai Lambu: Furen Dutsen Jizan Yana Ruɓewa a Bokiti

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni mazauniyar Jidda ce, unguwar Karantina. Maigidana direban babbar mota ne. Wata 4 da suka wuce ya dawo daga Jizan da wata shuka da abokinsa ya ɓallo masa daga tukunyar gidansa. Gindinta kamar dogayen albasa guda 5 a manne, masu ruwan ɗorawa, ganyen kuma ga kauri ga tauri kamar moda, gefensa da ƙananan haƙora. Ya ce okid ce, wani irin fure mai wuyar samu. Na dasa ta a bitmos, ƙasar shuka mai laushi da ake sayarwa, cikin bokitin roba, na ajiye a falo, kullum da safe ina ba ta ruwa. Yanzu guda 2 sun yi laushi, sun yi baƙi, har suna wari. Me ya rage ban yi mata ba? Daga 'yarka a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kika yi mata ne ya yi yawa. Ki ajiye butar nan tun yau, kada ɗigon ruwa ya sake taɓa ta sai kin gama abin da zan faɗa miki.

Yadda kika siffanta ta, musamman haƙoran zarto na gefen ganye, wannan ita ce wadda masana tsirrai ke kira Eulophia petersii. An sa mata sunan wani Bajamushe, Wilhelm Peters, wanda ya yi yawon tattara halittu a Mozambik a shekarun 1840. Tana fitowa a busassun wurare tun daga Namibiya da Afirka ta Kudu, ta biyo gabashin Afirka zuwa Habasha da Sudan, ta tsallako Bahar Maliya zuwa Yaman da kudu maso yammacin ƙasar nan ta Saudiyya, wajen Jizan da Asir. Ba irin okid ɗin shagunan fure ba ce, mai laƙewa a jikin bishiya a dajin da ruwa ba ya yankewa. Wannan a ƙasa take, tsakanin duwatsu, inda ruwan sama ke zuba ya wuce cikin sa'a guda, rana ta biyo baya. Abin da kika kira albasa, ni tulu nake ce masa, domin aikinsa ke nan: ajiyar ruwa na watannin fari. Shukar da ta zo da tulunanta a cike, aka kuma tsoma ƙafarta a bitmos mai riƙe ruwa kamar soso, cikin roba marar numfashi, a ɗaki marar rana, dole saiwarta ta shaƙe ta mutu, ruɓa ta hau sama.

Na san zafin abin, don ni ma ta farko a hannuna ta mutu. A lokacin ina aikin gonar wardi a Ɗa'if, na jera ta kusa da wardin, duk sanda na ba su ruwa sai in ba ta. Wata safiya na danna tulu ɗaya da babban yatsa, ya lotsa, wani ruwa mai wari kamar na ruɓaɓɓen dankali ya tsarto min a hannu. Na juye tukunyar, na ja saiwa ɗaya, sai fatar ta zame ta bar wani siririn zare. Na daɗe a tsugune a wurin. Shukar da ta sha farin shekaru a kan dutse, ban yi wata 3 da ita ba.

To ga abin yi. Ki juye bokitin a kan jarida, ki kakkaɓe bitmos ɗin gaba ɗaya. Saiwa mai rai fara ce, mai kauri, da ƙarfi in kin matsa. Duk wadda ta yi ruwan ƙasa ta yi lagwada ki yanke ta. Ki ɗora wuƙa a wuta ta yi zafi, ta huce, sannan ki raba tulunan nan 2 daga sauran, ki ci gaba da yanka har sai kin ga nama mai tsabta ba ɗigon baƙi. Bayan kowane yanka ki sake ƙona wuƙar, in ba haka ba ke da kanki za ki kai cutar wurin masu lafiya. Ki barbaɗa garin kirfa ko garin gawayi a kan ciwon, ki bar ta a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana 4 zuwa 5, ba ƙasa ba ruwa. Kada tausayi ya kama ki, ba abin da zai same ta.

Sai tukunya. Ta ƙasa nake so, mai faɗi marar zurfi, da babban rami a gindi, kuma kada ki sa faranti a ƙarƙashinta. Abin da za ki zuba: kashi 2 na ƙananan duwatsun aman wuta, baƙaƙe ko jajaye masu huhhuji da ake sayarwa a mashtal, wato gidan sayar da tsirrai, kashi 1 na yashi mai tsakuwa da aka wanke, kashi 1 na gutsattsarin gawayi da ɗan ruɓaɓɓen ganye. Kada ki ɗebo yashin bakin teku, gishiri ne. Ki gwada: in kin zuba kofi ɗaya na ruwa, ya kamata ya fito ta ƙasa kafin ki gama ƙirga 10. Tulunan su zauna a saman ƙasa, saiwa kaɗai za ki binne, ki tokare su da dutse kada su yi rawa.

Ki fitar da ita daga falo. Tana son rana, amma wadda ta yi wata 4 a ɗaki in aka kai ta saman bene kai tsaye, ganyen zai ƙone ya yi fari. Ki fara da hantsi na mako 2, a hankali ki ƙara. A watannin Yuni zuwa Satumba ki kare ta daga ranar azahar ta Jidda da raga mai inuwa.

Ruwa kuwa, ki jira mako guda bayan dashe. Daga nan ita za ta nuna miki. In sabon toho ya ɓullo a gindin tulu, ki ba ta ruwa sosai har ya zubo, sannan ki bari ta bushe ƙarƙaf, wanda a zafin Jidda yakan kai mako guda. In sanyi ya shigo ta daina girma, sau ɗaya a wata ya isa. Ɗan tamoji a jikin tsohon tulu ba ciwo ba ne. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ki tara mata shi, ba shi da gishiri, amma ba shi da abinci, don haka lokacin toho ki narka takin zamani rubu'in abin da aka rubuta a kwali, sau ɗaya a wata. Ki riƙa leƙa tsakanin tulunan, farin ƙwaro mai kama da auduga a nan yake ɓuya. Auduga da sifirit za ki goge shi.

Tulu 3 da suka rage miki sun isa ta tashi, in Allah ya so. Fure kam kada ki sa rai bana, wataƙila har baɗi. Amma ranar da ya zo, za ki ga kara ya miƙe yana rassa, wani ya kai mita 2, ya fi maigidanki tsawo, ɗauke da furanni kore da ratsin ruwan ƙasa masu lanƙwashewa baya, leɓensu fari da zanen ruwan hoda. Tawa ta biyu shekara 3 na jira ta.

Na ji daɗi da kika ce daga tukunya aka ɓallo ta. Ki roƙi maigida kada ya taɓa tsayawa a hanyar Faifa, can duwatsun Jizan, ya tumɓuko daga dutse. Dokar muhalli ta ƙasar nan ta hana, kuma tarin tulunan da zai cire cikin minti 5 shekaru ya ɗauka yana haɗuwa.

TAMBAYA: Baba, tawa ta yi 'ya'ya, na fasa na ga gari kamar ƙura. In shuka? Daga wani ɗanka a Madina.

AMSA: Ƙurar nan ita ce irin, dubbai a kwanso ɗaya. Matsalar ita ce ƙwayar irin okid ba ta da guzuri kamar na gero ko wake. A daji sai wani irin funfuna na cikin ƙasa ya shige ta ya ciyar da ita kafin ta tsira. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna ana iya tsirar da ita ba funfunar, a cikin kwalba mai tsabta da sukari da sinadaran abinci, amma wannan aikin ɗakin bincike ne. Kai ka barbaɗa ta a gindin uwar, ka bar wa Allah. In ƙari kake so, raba tarin tulunan ya fi, kowane ɓangare da tulu 3.

TAMBAYA: Malam, an ce da gindinta ake yin sahlab, abin shan nan mai kauri na lokacin sanyi. Zan iya kai wa mahaifiyata Kano? Daga wata 'yar'uwa a Makka.

AMSA: Hajiya, sahlab na asali daga wasu okid ne na Turkiyya da Iran, masu ƙananan dankali a ƙarƙashin ƙasa. Kilo ɗaya yana cin dankalin sama da 1,000, shi ya sa suka yi ƙaranci har Turkiyya ta hana fitar da shi. Yawancin wanda muke sha da sanyi sitaci ne da ƙamshi. Kada ki daka shukarki ki sha. Tafiya da ita kuma sai da izini, domin duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, wadda Saudiyya da Najeriya duk suna ciki, ga kuma takardar lafiyar tsirrai da za a nema a filin jirgi. In ba su, ƙwacewa za a yi. Ki ɗauki hotonta in ta yi fure ki tura wa Inna.