Ɗan kwaɗayi sau ɗaya a mako yana hana rage ƙiba?

Kin tambaya ko cin alkaki ko gurasa da tsire sau ɗaya a mako zai ɓata miki rage ƙiba. Ba zai ɓata ba, 'yar'uwa, yakan ma taimaka, domin wadda ta haramta wa kanta komai ita ke saurin gajiya ta koma ci fiye da da.

Sharaɗin dai ki yanke adadin tun kafin ki sa hannu: alkaki ɗaya, ko tsinke biyu na tsire, kuma bayan kin ci abinci, ba da yunwa ba. Wajen biki akan zame, musamman kan lemo. Robar Coca-Cola ta 50cl tana da sukari kusan cokalin shayi 13, wajen kalori 210 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki). Roba biyu da soyayyen nama sun mayar da abin da kika rage a yini guda.