Waswasi ya hana ni sakat, har ina tsoron riƙe wuƙa kusa da ɗana

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekarata 27, ina goyon ɗan wata biyar. Tun ina budurwa nake da yawan shakka a alwala, amma bayan haihuwar nan abin ya ƙazanta. Sai in yi ta maimaita alwala har lokacin salla ya kusa fita. In na tayar da kabbara, wasu munanan kalmomi game da Allah su faɗo mini a rai, waɗanda ba zan iya rubutawa ba, sai in sallame in sake. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, in ina yanka albasa yaron na kusa, sai in ga kamar ga ni nan na soka masa wuƙar. Wallahi ina son ɗana. Yanzu na daina girki in ba kowa a gida. An yi mini ruƙiya, na sha rubutu, sai in ji sauƙi kwana biyu abin ya dawo. Shin na fita daga Musulunci ne? Ko haukacewa nake yi?

Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya yaro, ya ba ki lafiya. Ba ki haukace ba. Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon waswasi, wanda likitoci ke kira OCD, kodayake sai an zauna da ke ido da ido za a tabbatar. Ana ƙiyasin mutum 1 zuwa 2 cikin 100 na fama da shi, ya fi farawa a ƙuruciya, kuma ciki da jego na daga cikin lokutan da yake tasowa ko ya tsananta ga mata.

Ki fara da sanin cewa mugun tunanin da ke faɗowa a rai ba tare da an gayyace shi ba, kusan kowa na samunsa. A 1978 wasu masana biyu, Rachman da de Silva, suka tambayi mutane masu cikakkiyar lafiya, suka tarar kusan 8 cikin 10 na samun irin waɗannan tunane-tunane. Wani bincike na 2014 a ƙasashe 13 ya samu sama da kashi 90 cikin 100. Direba kan ji kamar ya karkatar da mota cikin jama'a, uwa kan ji kamar jariri zai suɓuce mata a bakin rijiya. Yawancin mutane sai su yi tsaki su wuce. Mai ciwon waswasi kuwa sai ya tsaya ya ce, "Tunda na yi wannan tunani, to lallai ni mugu ne, ko kuma zan aikata." Daga nan ciwon yake samun gindin zama.

Ki lura da inda abin ya kama ki: sallarki da ɗanki. Ba ya zuwa miki a kan abin da ba ki damu da shi ba. Firgitar da kike yi da kuma gudun wuƙar su ne shaidar cewa tunanin ya saɓa wa abin da kike so. Mai niyyar cutar da yaro ba ya ɓoye wuƙa yana kuka. Abin da likitoci suka sani shi ne, masu wannan ciwo ba su fi sauran jama'a aikata irin abin da suke tsoro ba.

Batun imani kuwa, ni ba malamin addini ba ne, amma amsar tana nan a fili cikin littattafan da muka tashi da su. A Sahihu Muslim, sahabbai sun gaya wa Annabi (SAW) cewa suna jin wani abu a ransu da suke ganin girman furta shi, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. A Buhari da Muslim kuma an ruwaito cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Ahalari da muka karanta a makarantar Islamiyya ya ce wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye sai ya sake, in ban da mai waswasi, shi babu komai a kansa. A babin rafkanuwa ma ya ce mai waswasi ya watsar da shi, kada ya kawo abin da yake shakka a kai, sai dai ya yi sujjada bayan sallama. Ina mamakin yadda mutane da yawa suka haddace wannan wuri suna yara, amma ranar da ciwon ya same su sai su ɗauka da wani ake.

Yanzu ga abin da ke riƙe da ciwon. Tunani ya zo, gabanki ya faɗi, kika sake alwala, kika ji sanyi a rai na ɗan lokaci. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa ta koyi cewa da ba ki sake ba da wani abu ya faru, don haka gobe za ta buga miki ƙararrawa fiye da ta yau. Kamar kajin maƙwabta ne: ranar da kika watsa musu tsaba don su bar miki tsakar gida, washegari da 'yan'uwansu za su dawo. Tsabar ba maimaita alwala ce kaɗai ba. Sallame salla a sake, tambayar maigida "Ka ga na wanke ƙafar hagu kuwa?", kai fatawa ɗaya wurin malamai biyar, lalube a intanet da tsakar dare, sake kalmar shahada a zuci duk sanda tunanin ya gifta, da barin girki, duk abu ɗaya ne.

Kokawa da tunanin ma ba ta aiki. A 1987 wani masani a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa mutane kada su tuna wata farar dabba har minti biyar, kowa ya kaɗa ƙararrawa in ta faɗo masa. Suka yi ta kaɗawa. Don ki tabbatar ba ki tuna abu ba, dole ki riƙa leƙawa ko yana nan, leƙawar kuwa ita ce tunawar.

Maganin da ya fi inganci shi ne horon fuskantar abin tsoro tare da ƙin yin abin da waswasin ya umarta. Wani masani, Victor Meyer, ya fara bayyana shi a Landan a 1966, kuma har yau shi ne kan gaba. A aikace ga yadda yake. Ki ɗauki buta ɗaya, ki yi alwala sau ɗaya, kowace gaɓa kada ta wuce wanki uku, ki ajiye butar ki bar wurin. Zuciya za ta ce gwiwar hannu ba ta jiƙe ba. Kada ki duba, kada ki yi mata gardama, ki ce "Wataƙila," ki tayar da salla. Ƙirjinki zai yi nauyi, tafin hannu ya yi gumi, ki ji kamar kin yi babban laifi. Ki bar shi. Fargaba takan hau ta kai ƙololuwa sannan ta sauko da kanta, kuma duk ranar da kika jure ba ki koma bakin rariya ba, ta gobe takan zo da sauƙi. In mummunar kalma ta faɗo cikin salla, ki ci gaba da karatunki. Hadisi ya ce a nemi tsari a kuma daina bin zancen, bai ce a yi ta maimaita neman tsarin har a rasa raka'ar da ake ba.

Wuƙa kuma a bi ta mataki-mataki, kuma ya fi kyau a tsara shi da masani. Yau ki yanka albasa ƙanwarki na zaune, yaro na ɗaki. In kin saba, a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida inda kike ganinsa. Daga baya ki yi girkin ke kaɗai. Makonnin farko sun fi wuya, kuma akan samu ranar da za a koma baya. Wannan ba ya nufin horon ya rushe.

Akwai kuma magunguna, irin su sertraline, fluoxetine da clomipramine. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, shi ya sa mutane da yawa ke yar da su a mako na biyu su ce ba su karɓe su ba. Ba irin su tramadol ba ne da ke kama mutum, amma ba a yanke su rana ɗaya, kuma akan ci gaba da sha kamar shekara guda bayan an samu sauƙi. Ki gaya wa likita kina shayarwa, akwai waɗanda ake ba masu goyo. Kada ki je kemis ki saya da kanki. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa karo da asibiti. Abin da zan ja kunnenki a kai kawai shi ne yawon neman wanda zai sake tabbatar miki cewa ba komai, don shi ma yakan zama tsabar.

Akwai alamomin da ba a jira da su. In kika fara jin muryoyi suna ba ki umarni, ko kika yarda a ranki cewa yaron ba mutum ba ne ko dole a cutar da shi, ko kika yi kwanaki ba barci kuma ba gajiya, ko kika ji kina son kashe kanki, to wannan wani lamari ne daban, a kai ki asibiti a ranar. Haka nan in baƙin ciki ya rufe ki har ba kya iya cin abinci ko kula da yaron, ki faɗa, don ciwon damuwa kan biyo waswasi.

Tunda kina Zariya, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. In bakinki ya yi nauyi a gaban likita, ki miƙa masa wannan wasiƙar da kika rubuto mini yadda take, ya saba jin irinta. Ki tafi da maigida in zai yiwu, domin shi ma akwai aikin da za a ba shi: in kin tambaye shi ko alwalarki ta yi, ya daina amsawa, ya ce miki cikin lallashi, "Mun yi alkawari ba zan amsa wannan ba," sannan ya karɓi yaron ki je ki yi sallarki.