Hambirkin tifa ya cije bayan damina: gyara ko canji?

Malam, ka ce tifarka ta yi wata biyu a ajiye a Sakkwato da damina, yanzu hambirki ya ƙi saki, kana tambayar abin da gyaran zai ci.

Fara da tankunan iska. Buɗe bawul ɗin ƙasan kowane tanki. Idan ruwa mai launin tsatsa ya fito, to mai yiwuwa matsalar daga ciki take. Duk da zafin garinmu, iskar da kwamfiresa ke matsawa tana tara ruwa, kuma ruwan nan shi ke cin bawuloli. A motar birkin iska, ƙaton sifirin da ke cikin cemba, wato tukunyar birki da ke kusa da taya, shi ke riƙe taya, iska ce ke sakinsa. Idan tsatsa ta ci sifirin ya karye, ko dai birki ya ƙi riƙewa, ko ya huda robar ciki iska ta riƙa zuba.

Don Allah kada ka bari bakanike ya buɗe ɓangaren sifirin nan. Ƙarfinsa na iya kashe mutum. Cembar gaba ɗaya ake canzawa, kuma gara a canza duka biyun na aksil ɗin.

Kuɗi kuwa ya danganta da inda tsatsar ta kai. Idan shu, wato ƙarfen da ke matse diram ɗin taya ya tsayar da ita, shi ne kawai ya manne da diram, ko sandar da ke buɗe shu ta bushe, kuɗin aiki ne da giris. Cemba ta fi haka tsada, diram da tsatsa ta rarake ya fi su duka. A cire taya a gani kafin ku yi ciniki.

Bayan gyara, a riƙa zubar da ruwan tanki kullum da yamma.